Na Goge Yatsuna da Samfefa Kafin a Bincike Ni

Malama, ina yi miki fatan alheri. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimaka da wuri, domin abin da ya sa na rubuto yana da ranar rufewa, ƙarshen watan nan. Kada ki nemi sunana, ki dai kira ni Kafinta.

Zan fara da gaya miki cewa ni ba mai neman shawara ba ne, wurina ake zuwa nema. Shekarata hamsin da biyar. Sakandare kawai na yi, ita ma da ƙyar na kai ƙarshenta, kuma tun ina ɗan shekara goma sha tara ban sake cin abincin da wani ya nemo mini ba. Da zarto ɗaya da guduma na fara nawa, a ƙarƙashin rumfar kwano mai yoyo. Yau ina da wurin aiki na kaina, injina uku, ma'aikata goma sha ɗaya, da shagon nuna kaya mai ƙofar gilashi. Ba fahariya ba, kujerar da na yi sai dai mai ita ya gaji da ganinta, ba dai ta karye ba. Filin nan naki ma a ƙasa na fara karanta shi, cikin tsofaffin jaridun da muke shimfiɗawa idan za mu yi feshin fenti. A da dariya nake yi wa masu rubuto miki, ina cewa ba su da aikin yi. To ga ni.

Wata biyu da suka wuce wata makarantar yara ta ba ni aikin da na daɗe ina nema: teburan ajujuwa, kabad na ɗakin karatu, da gyaran ƙofofi, aikin da zai ɗauke mu shekara guda muna shiga muna fita. An gama magana, har na miƙe, sai shugaban makarantar ya ce saura abu ɗaya. Tunda za mu riƙa aiki a cikin yara, dole ni da duk wanda zan shigo da shi mu kawo takardar 'yan sanda, wadda ke nuna mutum ba shi da tarihin laifi. Ya ce ba wani abu ba ne, yatsu kawai za a ɗauka a duba. Na ce masa ai wannan mai sauƙi ne, har da dariyata. Malama, da na fito ban san yadda aka yi na kai mota ba.

Ga abin da ba wani mai rai da ya sani, har uwar 'ya'yana da muka shekara ashirin da tara tare. Ina da shekara ashirin da huɗu, a wani gari da ba wannan ba, ina aiki a ƙarƙashin wani maigida. Wata rana ya kawo katako mota guda ya ce in yanka. Gaskiya ɗaya ce, na ga busasshen siminti a jikin wasu, na ga ramukan ƙusa, na san ba daga kasuwar katako suka fito ba. Amma ban tambaya ba, don a lokacin duk wanda ya tambayi maigida ya kama hanyar gida. Ina cikin yanka 'yan sanda suka shigo ta gaba, maigida ya fice ta baya, ya bar takalminsa ƙafa ɗaya. Ashe daga wani gini aka kwaso katakon. Ni aka samu da zarto a hannu, da ni aka tafi.

Kwana goma sha ɗaya na yi a bayan kanta kafin kawuna, Allah ya jiƙansa, ya yi belina, ya kuma mutu da maganar a cikinsa. Ba zan ba ki labarin wurin ba, har yau akwai warin da idan na ji sai abinci ya fita raina. Abin da ya zauna mini shi ne ranar da aka ɗauki yatsuna. Wani ɗan sanda mai furfura ya kama hannuna, yana murza kowane yatsa a baƙar tawada yana dangwalawa a kati, goma cif. Da ya gama ya hura katin, ya dube ni ya ce, "Shi ke nan, samari, daga yau gwamnati ta san ka. Ko ka canza suna, ko ka canza gari, wannan ba ya gogewa." Sau uku na je kotu. Biyun farko aka ɗaga. Na uku mai ginin bai zo ba, aka kira shi aka sake kira, alƙali ya yi wata magana da ban fahimta ba, ya rubuta wani abu, sai wani ma'aikacin kotu ya taɓa kafaɗata ya ce in tafi, an sallame ni. Ban tsaya tambayar takarda ba, ban ma san ana bayarwa ba. A makon na bar garin.

Shekara talatin da ɗaya ina ɗauke da maganar tsohon nan. Duk inda aka ce a dangwala yatsa, banki ne ko katin shaida, sai na yi gumi har cikin takalmi, ina jiran na'urar ta yi kuka. Idan motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar wurin aikina, ko da benci suka zo saye, sai na shige ban ɗaki. Kuma ki ji ikon Allah, ni ne na fi kowa cika baki a unguwa cewa ƙafata ba ta taɓa taka caji ofis ba. Na faɗa har ni ma na fara yarda.

Yanzu ki ji wautar. Ana gobe za mu je ofishin 'yan sanda, da yamma bayan ma'aikata sun tashi, na tura ƙofa na zauna a benci, na ɗauko samfefa, mai laushin nan da muke gama fuskar tebur da ita. Tunanina shi ne, abin da ke shafe zanen katako ai zai shafe na yatsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, goma, yadda tsohon nan ya bi su, har suka yi sumul suna sheƙi, biyu ma suka tsattsafo da jini. Da na zo wanke hannu sai da na cije baki. Na ce yanzu na'ura ta duba ta ga abin da za ta gani.

Muka je da ma'aikatana duka, ina gaba kamar mai kai yara rigakafi. Ɗaki ne dogo mai benci biyu da fanka ɗaya, da wata 'yar sanda a bayan tebur, gabanta 'yar na'ura mai fuskar gilashi. Kowa ya ɗora ya wuce. Ni na ɗora, shiru. Ta goge gilashin, na sake, shiru. Ta juya hannuna tana dubawa, ni kuwa na riga na sallama, ina cewa a raina yau asiri ya tonu a gaban mutanen da nake yi wa faɗa kullum. Sai ta yi tsaki ta ce, "Baba, kafinta ne ko magini? Ku masu aikin hannu kun ishe ni, jiya ma wata mai wanki haka ta zo. Je ka yi mako biyu kana shafa mai, ka bar taɓa aiki, ka dawo." Ko kallo na biyu ba ta yi mini ba, ta kira na gaba.

Mako biyun nan na ga ta kaina. Ni da ban taɓa wuni ban riƙe guduma ba, aka zaunar da ni a kujera da safar hannu. Autata, wadda ke riƙe mana takardu a ofis, ita ta ɗora wa kanta shafa mini mai safe da yamma, tana cewa, "Baba, miƙo hannun amaryar." Ma'aikata suka samu abin yi, duk wanda ya gifta sai ya ce oga, a kawo madubi ne? Ina dariya tare da su, amma kullum ina kallon zanen yana dawowa, layi bayan layi, daidai yadda yake. Shugaban makaranta ya bugo sau biyu, takardun kowa sun iso sai tawa. Na yi tunanin in ce na fasa aikin. Abin da ya hana ni shi ne ban san ƙaryar da zan yi wa auta ba, yarinyar nan ba a rufe ta.

Na koma. Na'ura ta karɓa nan take, aka ce in dawo bayan kwana biyar. Na dawo, 'yar sandan nan ta zaro takarda daga cikin tari ta miƙo mini tana waya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na fita na shiga mota, na ɗaga gilashi, sannan na buɗe. Sunana, hotona, hatimi, da layi ɗaya: ba a samu wani tarihin laifi ba. Na karanta sau huɗu. Na juya bayanta ko an rubuta wani abu, fari fat. Malama, ban yi kuka ba ko ranar da na binne mahaifina, amma ranar nan na jiƙa sitiyari. Da na isa gida na ci abinci kwano biyu, na kunna rediyo ina bin waƙa, har uwar yara ta taɓa goshina ko zazzaɓi ne. Yanzu idan motar 'yan sanda ta wuce har hannu nake ɗaga musu. Jikina sakayau, kamar an sauke mini buhun siminti daga wuya.

To me ya kawo ni wurinki, tunda an wanke ni? Babban ɗana ne. Dogo muke ce masa, shekararsa ashirin da bakwai. A wurina ya koyi aiki, kuma ko da yake ba na faɗa a gabansa, hannunsa ya fi nawa kyau a ƙofa. Shi ne kuma yake ja mana motar kai kaya. Shekara uku da suka wuce yana kai kujeru wani mai mota ya goge shi a mahaɗa, suka fito, magana ta yi zafi, aka ba hammata iska. Aka kwashe su duka biyun. Kwana biyu ya yi. Aka aiko mini in zo beli, na ƙi. Ƙanin uwarsa ne ya je, aka sasanta a can, ba a kai kotu ba. Ranar da ya dawo wurin aiki, kansa a ƙasa, na tara ma'aikata na tsayar da shi a tsakiya. Na ce a zuriyata ba a taɓa samun wanda ya kwana a bayan kanta ba sai shi. Na ce an ɗauki yatsunsa, ko ya canza gari ba ya gogewa, ba wani wurin kirki da zai sake ɗaukarsa aiki. Kalmomin tsohon nan na ɗauko na ɗora masa, ban rage ko ɗaya ba. Ki yarda da ni, ba ƙiyayya ba ce. Da na gan shi tsaye da rigar da ya kwana biyu a cikinta, warin nan na ji, tsoro ya kama ni, tsoron kuma ya fito a faɗa. Ya ajiye makullin mota a kan benci ya tafi gidan kawunsa. Tun daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma daga bakin ƙofa. Yanzu a babur yake kai wa mutane saƙo, rana da ruwa.

Makon jiya uwarsa take gaya mini wani asibiti na neman direban motar ɗaukar marasa lafiya, aiki na dindindin. Dogo ya ci jarrabawar tuƙi, su uku aka zaɓa cikin mutum arba'in, saura takardar 'yan sanda kafin ƙarshen wata. Ya cika fom ya ninke ya tura ƙarƙashin katifa. Ya ce mata ba zai kai kansa a yi masa dariya ba, ai Baba ya riga ya gaya masa yadda abin yake.

Na yi dabara. Na ce wa uwarsa ta gaya masa ya je kawai, na ji an ce wanda ba a yanke wa hukunci ba, ba abin da ke fitowa. Na ba ta takardata ta nuna masa yadda take. Ta dawo mini da ita da amsarsa. Wai ya duba ya yi murmushi ya ce, "Umma, ta Baba ai dole ta fito fes, shi da bai taɓa shiga ba. Ni da shi ba ɗaya ba ne." Tana faɗa mini tana share ido, wai yaron nan duk da abin da ya faru yana ganin girmana. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Tambayoyina biyu ne. Na farko, wannan takarda tawa ta gama magana, ko akwai wani littafi a wani wuri da zai iya tashi gobe? Kuma na Dogo zai fito ko ba zai fito ba? Na biyu, wanda ya fi nauyi: dole ne sai na gaya masa? Na shekara talatin ina gina sunan nan, ƙusa bayan ƙusa. Allah ya rufa mini asiri, hukuma ma ta ce ba ta san zancen ba, sai ni da bakina in je in tona? Idan ya ji zai ce ashe mai wa'azin ya fi shi daɗewa a ciki. Uwarsa kuma za ta ce shekara ashirin da tara da wa take zaune. Amma idan na yi shiru wata ya ƙare, na san wanda ya hana shi aikin, kuma ba hukuma ba ce. Ina cikin farin cikin da ban taɓa yi ba, amma wannan ya tsaya mini a wuya. Ki gaya mini gaskiya, ba na son lallashi.

Naki,
Kafinta

AMSA

Malam Kafinta, barka da arziki. Na tsallake wasiƙu da dama na ɗauko taka saboda ranar rufewar nan, kuma tunda ba ka son lallashi, zan tafi kai tsaye.

Da farko ka ji daɗinka, abin da ya fito maka ba abin mamaki ba ne. Ni ba lauya ba ce, kuma dokar irin wannan takarda ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga irin aiki zuwa irin aiki. Amma abin da aka fi sani shi ne hukuncin kotu take nema. Kamu daban, tuhuma daban, hukunci daban. Yadda ka ba da labari, mai ƙara bai zo ba, alƙali ya kori ƙarar, ke nan ba a taɓa samunka da laifi ba. Tsohon ɗan sandan nan rabin gaskiya ya faɗa maka: zanen yatsa ba ya canzawa, kai ma ka gani da idonka, amma ɗaukar yatsa ba hukunci ba ne. Zancen samfefa kuwa, na yi dariya har abokan aikina suka leƙo, amma kada ka sake, kada kuma ka koya wa kowa. A wasu wuraren lalata yatsa da gangan don kauce wa bincike laifi ne mai zaman kansa. Ka kusa jawo wa kanka abin da da can ba ka da shi.

Ko akwai littafin da zai tashi gobe? Ba zan rantse maka cewa katin nan ya ruɓe ba. Akwai wuraren da bincike mai zurfi, irin na aikin tsaro ko neman izinin shiga wata ƙasa, kan nuna har kamun da bai kai ga hukunci ba, ko shari'ar da ba a rufe ba. Ka samu lauya ka zauna da shi rabin awa, ka gaya masa komai, sirrinka amana ne a wurinsa. Ya rubuta wa waccan kotun ya nemo kwafin abin da alƙali ya rubuta ranar, ka ajiye. Kuma daga yau ka riƙa karanta tambayar fom da kyau. Idan an ce an taɓa yanke maka hukunci, amsarka a'a ce, da gaskiyarka. Idan an ce an taɓa kama ka, ka ce e, ka yi bayani a layi biyu. Sau da yawa ƙaryar da aka yi a fom ita ke kayar da mutum, ba tsohon kamun ba.

Na Dogo, bisa abin da ka faɗa, ya fi naka sauƙi, tunda ko kotu ba a je ba. Amma kada ka yi masa alkawarin abin da ba a hannunka yake ba. Kawunsa da ya yi beli ya koma ofishin ya tabbatar an rufe maganar a rubuce. Ka kuma duba kwanaki: kai biyar ka jira, watan kuwa ya yi nisa. Aikin makon nan ne.

Sai babbar tambayar. Ina tare da kai a abu ɗaya: ba kowa ke da haƙƙin sanin tarihinka ba. Ma'aikatanka ba su da shi, maƙwabta ba su da shi, shugaban makaranta takarda ya nema ka ba shi ta gaskiya. Da a kanka abin ya tsaya, da na ce ka ninke takardarka ka ci gaba da aikinka. Sunan da ka gina kuma na gaske ne, kujerun ba ƙarya ba ne, mutum goma sha ɗayan da ke ci a ƙarƙashinka ba ƙarya ba ne. Ƙarya ɗaya ce a ciki, ta ƙafar da ba ta taɓa takawa ba.

Amma bai tsaya a kanka ba. Ka ɗauki maganar da ta hana ka sakewa shekara talatin da ɗaya ka miƙa wa ɗanka, ga shi ya riga ya yi shekara uku da ita. Ka gwada aike, ka ga amsar. Ba zai yarda da lauya ba, ba zai yarda da ni ba, domin hukuncinka ne ya kama shi, kuma wanda ya yanke shi kaɗai zai iya janyewa. Hujja ɗaya ce za ta shige shi: mutumin da ya shiga, aka ɗauki yatsunsa, takardarsa ta fito fes. Kai ne mutumin nan, ba ka da wani da za ka nuna masa.

Ka fara da uwarsa. Ba daidai ba ne ta ji a bakin ɗanta, kuma ka riga ka aike ta da saƙon da ba ta san cikinsa ba. Za ta iya yin fushi, ba don kwana goma sha ɗayan ba, sai don shekarun da ka ɓoye, da shekara ukun da ta yi tana kai da komo tsakanin miji da ɗa. Ka bar ta ta yi, kada ka kare kanka.

Sannan ka je wurin Dogo da ƙafarka. Kada ka aika a kira shi ya zo ofishinka ya tsaya kana zaune. Ka je gidan kawun, ku biyu kaɗai. Ka ba shi labarin yadda ka ba ni, har da busasshen simintin da ka gani ka yi shiru, har da samfefar, ka kuma bar shi ya yi dariya idan ta zo masa. Ka gaya masa tsoro ne ya yi magana a wancan ranar. Sai ka faɗi abin da babu shi ko sau ɗaya a doguwar wasiƙarka: ka yafe mini. Ka ce za ka raka shi ofishin ka zauna a benci tare da shi. Idan ya fi son ya je shi kaɗai, ka ƙyale shi. Kada ka haɗa da zancen ya dawo wurin aikinka, ya zaɓi hanyarsa, ya kuma fita a cikin mutum arba'in ba da sunanka ba.

Ma'aikata kuma, a gabansu ka tozarta shi, a gabansu za ka gyara. Ba sai ka ba su tarihinka ba. Ya isa ka ce abin da ka faɗa a kan Dogo ba haka ba ne, ka yi kuskure, ka kuma daina wancan cika bakin.

Zai raina ka? Ban zata ba, amma mai yiwuwa ya yi fushi, kuma yana da gaskiya. Zai iya tambayarka me ya sa kai da ka san wurin ka bar shi ya kwana biyu a ciki. Ka shirya wa wannan tambayar, ita ce mai zafin, ba ta kuma da amsa mai daɗi. Ka ce ka ji tsoro, ka yi shiru. Idan ranar farko bai ɗago ya dube ka ba, kada ka koma gida kana cewa ka yi naka. Shiri tsakaninku zai zo a lokacinsa, ba shi muke nema a makon nan ba. Abin da muke nema shi ne fom ɗin nan ya isa ofis kafin wata ya ƙare, ko da yana fushi da kai ya kai shi.

Allah ya ba ka ƙarfin gwiwa, ya sanyaya zuciyar maiɗakinka, ya ba Dogo aikin nan idan alheri ne a gare shi. Yanzu tashi ka nemi uwar yara, kafin ka sake tunani.